Gyaran Sifindil da Canza Boris a Injin Yankan Ciyawa Mai Kujera: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa a tuƙa, da zarar ƙarƙashinsa ya fara gurnani. Aikin ba mai wuya ba ne, amma akwai wurare biyu zuwa uku da kuskure kaɗan ke kashe sabon boris tun kafin a tayar da inji, kuma a nan bayanin ya fi tsawo.

Mene ne sifindil, kuma me ke cikinsa?

A ƙarƙashin injin akwai kasko, wato faffaɗan ƙarfen da ya rufe wuƙaƙe. Kowace wuƙa tana rataye ne a jikin sifindil ɗinta. Kasko mai faɗin inci 42 yawanci sifindil biyu gare shi, mai inci 48 ko 54 kuwa uku. Idan ka wargaza ɗaya za ka tarar da gida, galibi na alminiyom, wanda aka ɗaure a kasko da noti uku ko huɗu. Shaf da ya ratsa tsakiyar gidan. Boris biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowanne zoben ƙarfe biyu ne, na waje da na ciki, da ƙwallaye a tsakaninsu don shaf ya riƙa juyi sumul. Ɗan bututun ƙarfe a tsakaninsu da ake kira sifesa. Sai fuli a sama inda bel ke ja, wuƙa kuma a ƙasa.

Nauyin da ke kan boris biyun nan ba ƙarami ba ne. Ƙa'idar tsaro ta Amurka, ANSI B71.1, ta kayyade cewa gudun bakin wuƙa kada ya wuce ƙafa 19,000 a minti, kusan kilomita 347 a awa ke nan. Wuƙa mai inci 21 tana juyi wajen 3,000 ko fiye a minti ɗaya, cikin ƙura da danshi, bel na jan ta gefe guda, ga kuma duka duk lokacin da ta ci karo da dutse ko saiwa.

Ta yaya zan tabbatar boris ne ya mutu, ba wani abu ba?

Alamar farko ƙara ce, gurnani ko kuka mai tashi idan an sa wuƙaƙe aiki, ya ɗauke idan an tsayar da su. Amma ƙara kaɗai ba ta isa hujja ba, domin ƙananan fulin da ke miƙe bel su ma boris gare su, kuma kukansu iri ɗaya ne. Kashe inji, zare mukulli, cire wayar fulogi, sauke bel daga kan fuli, sannan ka juya kowane sifindil da hannu. Lafiyayye yana juyi sumul, shiru, da ɗan nauyi-nauyin giris. Matacce za ka ji kamar ana niƙa yashi a ciki, ko yana tsayawa yana tafiya. Wanda kuma yake juyi sakayau ba ya son tsayawa, yana 'yar ƙara, giris ɗinsa ya ƙare, yana kan hanya.

Daga nan sa safar hannu mai kauri, kama bakin wuƙa ka girgiza ta sama da ƙasa. Bai kamata ka ji wani ƙwas-ƙwas ba. In ya yi wasa, boris ya tafi, ko kuma ramin gidan ya buɗe. Abu ɗaya da ke ruɗar mutane: injinan da ake sa wuƙa aiki da liba suna da ɗan birki mai danna fuli idan liba tana kashe. Janye birkin nan kafin ka juya, in ba haka ba sai ka ɗora wa boris laifin da ba nasa ba.

Yana ƙara amma yana yanka. Ba zan iya lallaɓawa da shi ba tukuna?

Ban ba ka shawara ba. Boris da ya fara ci yana ɗaukar zafi, daga nan ya cije, zobensa na waje ya koma juyi a cikin gidan alminiyom ya cinye ramin, ko na ciki ya goge shaf. Bel ma yakan ƙone a kan fulin da ya tsaya. Aikin da boris biyu za su gama yau, in an jinkirta sai ya ci gida da shaf da bel. Sannan wuƙa ce mai wannan gudu take rataye a jikinsa.

In gyara tsohon ne ko in sayi sabon sifindil dungurungum?

Abu biyu ne ke yanke wannan hukunci: gida da shaf. Idan gidan bai tsage ba, kunnuwan da noti ke shiga ba su karye ba, kuma tsohon boris sai da aka buge shi ya fita, to gidan na nan da ransa. Idan boris ya faɗo da kansa, ko sabo ya shige da turin yatsa, ramin ya buɗe, a jefar. Shaf kuma a duba ko ya lanƙwashe, ko wurin zaman boris ya goge ya yi kwari, ko tauraron da wuƙa ke zama a kai ya cinye. Yadda ake gwada lanƙwasa yana cikin amsar girgiza a ƙasa.

In duka biyun lafiya lau suke, gyara ya fi a ganina. Tsohon gida na asali da boris mai kyau yakan fi ƙarko a kan sabon sifindil mai araha wanda ba ka san irin boris ɗin da aka cusa masa ba. A manyan injinan 'yan kwangila masu gidan ƙarfen zubi kuwa, dama don a riƙa gyarawa aka ƙera su.

Wane kayan aiki nake bukata? Dole sai da injin matsa?

Ba dole ba ne, ko da yake yana sauƙaƙa aiki. Abin da ba makawa: sifana da soket na girman notocin, doguwar sandar kwance noti, guduma, ƙarfen bugu mai tsawo, guntayen katako, man kwance tsatsa, burushin waya, samfefa mai laushi, filayar cire zoben makulli in naka yana da shi, da sifanar awon ɗauri. Ga mai son tura boris ba tare da duka ba, dogon noti mai tiredi tun daga sama har ƙasa da washa masu kauri sun wadatar. Sa tabarau na kariya, domin ƙarfen boris mai tauri ne, in ya fashe tartsatsi yake yi.

Sai na sauke kaskon gaba ɗaya?

Ana iya yi yana jikin inji, amma wahala ce ta banza. A yawancin injina fil ne 'yan kaɗan ke riƙe da shi: ka sauke shi ƙasa, ka zare bel daga fulin inji, ka cire fil ɗin da wayar liba, ka jawo shi ta gefe. Kafin ka taɓa bel, ɗauki hoton yadda ya zagaya, ka kuma lura da sifirin mai miƙe shi, yana da ƙarfi. Idan kaskonka mai bel mai haƙora ne, irin wanda wuƙaƙe ke shiga hurumin juna, yi alamar matsayinsu, don in aka mayar ba daidai ba karo za su yi.

Noti ya ƙi kwancewa, ko ya karye a cikin gida. Yaya zan yi?

Kwance notin wuƙa da na fuli tun sifindil yana ɗaure a kasko, saboda a nan ne kake da abin riƙo. Cusa katako tsakanin wuƙa da bangon kasko don kada ta juya, ka fara da notin fuli, sannan na wuƙa. Yawancinsu hagu ake kwance su kamar kowane noti, amma akwai kaskon da wata wuƙar ke juyi a baibai, notinta kuma tiredin hagu ne. In ka ja ka ji yana ƙara tauri, tsaya ka duba littafin inji kafin ka ƙara ƙarfi. Fuli in ya manne, a jiƙa shi da man kwance tsatsa a jira. Kada ka sa ƙarfe ka ɓanɓare shi ta baki, lanƙwashewa zai yi, kuma lanƙwasasshen fuli cin bel yake.

Notocin gida su ne masu karya zuciya. Ƙarfe ne a cikin alminiyom, ga danshi shekara da shekaru, sai su haɗe. Goge wutsiyarsu da burushin waya, zuba mai, ɗan ɗumama kunnen gidan, ka riƙa kai wa da komowa kaɗan-kaɗan maimakon fizga ɗaya. In ya karye duk da haka, a huda shi da diril a sa noti mai ratsawa da abin ɗaurinsa ta ɗaya gefen. Wanda ya sayi sabon gida ya ga ramukansa babu tiredi, kada ya ɗauka kuskuren kamfani ne: notocin ne ke yanka wa kansu tiredi yayin ɗauri, sai dai a shigar da su a miƙe.

Yaya ake fitar da shaf da tsofaffin boris?

Tun kafin komai, shimfiɗa tsumma ka riƙa jera kowane washa da murfi yadda suka fito, na sama a dama, na ƙasa a hagu. Idan akwai bakin giris a kan shaf, kwance shi. Mayar da notin fuli har ya yi daidai da kan shaf don ya kare tiredi, ɗora gidan a kan katako biyu yadda shaf zai sami wurin faɗowa, sa katako a kai ka buga. Shaf yakan fita ta ƙasa, sau da yawa da boris na ƙasa a jikinsa. Dukan ƙarfe kai tsaye a kan shaf yana buɗa masa kai, daga nan ba noti ba fuli da zai sake shiga.

Boris da ya rage a gida, duba da kyau ko akwai zoben makulli a bayansa, domin datti yakan ɓoye shi. Ture sifesa gefe, zura ƙarfen bugu ta ɗaya bakin, ka riƙa bugawa kana zagayawa, nan kaɗan can kaɗan, don ya fita a miƙe. In ya karkace zai kankare ramin. Tsohon boris ba a tausaya masa wajen cirewa, amma kada ka jefar da shi tukuna, yana da sauran amfani a wajen saka sabo.

Wane boris zan saya? Me lambobin jikinsa ke nufi?

Goge gefen tsohon, lambar tana nan a jikin roba ko zobe. Waɗanda suka fi yawa su ne 6203, mai rami milimita 17, faɗi 40, kauri 12. 6204, mai 20 da 47 da 14. Sai 6205, mai 25 da 52 da 15. Ba lallai ne na sama da na ƙasa su zama iri ɗaya ba, akwai sifindil da yawa masu 6203 a sama da 6204 a ƙasa. Akwai kuma tarko ɗaya: ana yin 6203 mai ramin inci 5/8, wato milimita 15.9, wanda daga waje ba ka bambance shi da na 17. In lamba ta goge, auna shaf da ramin gida da ma'aunin kalifa.

Haruffan bayan lamba su ma magana ce. 2RS na nufin murfin roba a fuska biyu, shi ne ya dace da wurin ƙura da ruwa. ZZ murfin ƙarfe ne wanda bai rufe ruf ba, ruwa na shiga, kauce masa a nan. C3 kuwa yana nufin an bar ɗan sarari fiye da na kullum tsakanin ƙwallaye da zobba, don ya sami wurin buɗawa in ya ɗau zafi, kuma ya dace da sifindil. Kamfanoni irin su SKF, NSK, NTN, Timken da FAG sun yi suna, shi ya sa ake yawan buga jabunsu, don haka a saya a hannun dillalin da aka amince da shi. Kullum a canza biyun tare.

Mene ne daidai wajen saka sabon boris?

Nan ne aikin yake. Ƙa'ida ɗaya ce: ƙarfin turi kada ya taɓa ratsawa ta cikin ƙwallaye. In cikin gida kake tura boris, zoben waje kaɗai za ka danna. In a jikin shaf kake tura shi, zoben ciki kaɗai. Wanda ya buga zoben ciki don ya shigar da boris cikin gida, ƙwallayen sun riga sun lotsa hanyarsu, ƙananan lotsa da ido ba ya gani. Zai juya lafiya a hannu yau, bayan 'yan makonni gurnani ya dawo, mai shi ya ce an sayar masa da jabu.

Wanke ramin gida tas, ka bi duk wani ƙaiƙayi da samfefa a hankali ba tare da ka ci ramin ba. Sa sababbin boris a leda ka ajiye su a firiza kamar awa ɗaya, gidan kuma ka ɗumama shi zuwa wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyos. Alminiyom yana buɗawa kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka ramin milimita 47 da aka ƙara wa zafin digiri 80 yana ƙaruwa da kusan milimita 0.09. Kaɗan ne a ido, amma ya isa boris mai sanyi ya zame ya zauna da ɗan turi. Gidan ake ɗumamawa, ba boris ba, domin mai murfin roba bai kamata ya wuce digiri 80 ba. In babu halin ɗumamawa, ɗora tsohon boris ko soket mai faɗin zoben waje a kan sabon, ka ja shi da dogon noti da washa, kana dubawa yana shiga a miƙe. In tsohon za ka yi amfani da shi, ɗan rage gefensa da giranda don kada shi ma ya maƙale a ramin. Mai bugawa da guduma zai ji sautin ya canza ya yi tsauri idan boris ya kai kafaɗarsa, wato ɗan tudun cikin ramin da ke tsayar da shi. Daga nan a tsaya.

Jerin shi ne boris ɗaya, sai sifesa, sai ɗaya boris ɗin, sannan shaf. Lokacin zura shaf, shafa masa mai kaɗan, ka tokare zoben ciki na boris ɗin da zai ɓullo ta cikinsa da soket ko guntun bututu, don kada shaf ya turo shi waje ko ya danne masa ƙwallaye.

Sifesa ɗin nan dole ne? Na ɗaure noti sai shaf ya yi tauri.

Dole ne, kuma taurin da ka ji alamarsa ce. Idan aka ɗaure notin fuli, ƙarfin ɗaurin yana bi ta zoben ciki na sama, ya sauka ta sifesa, ya kai zoben ciki na ƙasa. In an manta da sifesa, ko ya lotse ya gajarce, sai ɗaurin ya matso zobban ciki zuwa juna alhali na waje suna tsaye, ƙwallaye su matse. Irin wannan boris ba ya daɗewa. Kwance ka duba bakinsa biyu, in sun buɗe ko sun cinye a canza shi. Wani dalilin tauri kuma shi ne boris ɗaya bai kai kafaɗarsa ba, ko an juya murfin ƙura a baibai yana gogar gida.

Wannan bayanin na boris mai ƙwallaye ne. Wasu manyan injina, irin na Scag, suna amfani da boris mai gangara, wanda ake cika da giris, yana da sil, wato robar hana giris tsiyaya, dabam, kuma saitinsa sai an bi littafin kamfani.

Akwai bakin giris, amma boris ɗin rufaffe ne ta fuska biyu. In cire murfin ciki?

An daɗe ana gardama a kan wannan. Gaskiya ne giris da aka tura ta bakin nan yawanci ramin tsakiya yake cikawa, kaɗan ne ke kaiwa ga ƙwallaye. Duk da haka ba aikin banza ba ne, domin ramin da giris ya cike ruwa ba ya samun wurin kwanciya. Masu cire murfin da ke fuskantar ciki suna son sabon giris ya riƙa shiga boris kai tsaye, kuma dabara ce mai kyau ga wanda zai riƙa turawa a kan kari. Ga wanda ya san zai manta, barin murfi biyu ya fi masa, saboda kamfani ya riga ya zuba gwargwadon da ake bukata, wajen kashi ɗaya cikin uku na sararin ciki.

In ka zaɓi cirewa, yi amfani da giris na litiyam mai lambar kauri NLGI 2, ka tsaya a kan iri ɗaya, don wasu nau'o'in in suka gauraya tsinkewa suke yi. Ka riƙa turawa a hankali da famfon hannu. Matsi mai yawa yana tunkuɗo murfin waje, ƙura kuma ta sami ƙofa.

Wane irin ɗauri ya kamata in yi wa notin wuƙa?

Littafin injinka ne mai magana, domin bambancin da yawa. Littattafan Husqvarna da yawa suna ba da 62 zuwa 75 Nm, wato Newton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri, na Cub Cadet kuwa 95 zuwa 122 Nm. Kafin ɗauri, tabbatar ramin wuƙa ya zauna daram a kan tauraron shaf. Tauraro mai tsini biyar ya fi yawa a Husqvarna, mai shida a MTD da Cub Cadet, kuma in aka ɗaure wuƙa a kan tsinin maimakon cikinsa, tauraron zai murƙushe. Fikafikan wuƙa su kalli sama, wajen kasko. Notin wuƙa na musamman ne mai tauri, kada a musanya shi da kowane noti da ya shiga.

Na canza boris amma har yanzu yana girgiza, ko yanka ba ya daidaita.

Fara da wuƙa. Rataye ta a kan ƙusa ta ramin tsakiya, in gefe ɗaya ya rinjaya, rage masa ƙarfe ta wajen kaifi har ta tsaya a kwance. Sannan gwada lanƙwasa: ajiye inji a daɓe mai tauri marar gangara, auna tsayin bakin wuƙa ɗaya daga ƙasa, juyo ɗaya bakin zuwa daidai wurin nan ka sake aunawa. Bambancin da ya wuce milimita 3 yana nufin wuƙa ko shaf ya lanƙwashe. Sa sabuwar wuƙa ka maimaita, in bambancin bai tafi ba shaf ne. Shaf da yake a cire kuwa, mirgina sashensa mai santsi a kan gilashi, za ka ga yana ɗingishi. Ba a miƙar da shi, canzawa ake yi.

In duk wannan lafiya, duba kaskon kansa a inda gidan ke zama, domin dukan kututture yakan lotsa wurin sifindil ya karkace. Bayan mayar da kasko a daidaita iskar tayoyi, a saita hagu da dama su zo ɗaya, gaba kuma ya ɗan fi baya sauka da 'yan milimita, gwargwadon abin da littafi ya ce.

Me ya kashe tsohon, kuma yaya zan kare sabon?

Ɓalle murfin tsohon boris ka leƙa, zai gaya maka. Giris mai launin tsatsa ko mai ruwa-ruwa, aikin ruwa ne. Busasshe baƙi, zafi ne. Lotsa a jere daidai tazarar ƙwallaye, duka ne, ko na dutse ko na wanda ya saka shi. In boris na ƙasa ne kaɗai ya lalace, duba ko igiya, waya ko zaren leda sun naɗe a wuyan shaf sun cinye murfin, abin da ya kamata a riƙa leƙawa duk lokacin da aka cire wuƙa don wasawa. In na sama ne ya fi ci, a binciki bel, wataƙila gajere aka sa, ko hannun fulin da ke miƙe shi ya cije.

Ruwa ne ya fi kowa ɓarna. Sifindil mai zafi in aka kwara masa ruwan sanyi, iskar cikinsa tana tsukewa ta zuƙo ruwan ta gefen murfi, injin wanki mai matsi kuwa tura shi ciki yake yi da ƙarfi. Bari kasko ya huce, ka kankare ciyawar ƙarƙashi da ƙarfe ko katako, ka busa ta sama da iska. In wanki ya zama dole, bayan an gama a sa wuƙaƙe su yi juyi na 'yan mintuna don ruwan ya fice, sannan mai bakin giris ya tura kaɗan kafin a ajiye injin a inda ruwan sama ba ya dukansa.